Wa ke sauraron wayarka? Tambayoyi da amsoshi kan sirrin jama'a da leƙen asiri a Najeriya

Tun da aka ɗaure layin waya da lambar NIN, aka ɗaure asusun banki da BVN, mutum bai cika yin motsi ba tare da ya bar sawu a rumbun wata hukuma ko wani kamfani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi kan lamarin.

Ni ba ɓarawo ba ne, ba ɗan siyasa ba. Me zan ɓoye?

Ba mai laifi kaɗai ke da sirri ba. Maras lafiyar da bai gaya wa danginsa cutar da ke damunsa ba, ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu, matar da ke neman shawarar malami kan aurenta, ma'aikacin da ya ga ana wawure kuɗin gwamnati yana son sanar da ɗan jarida, duk babu mai laifi a cikinsu, kuma kowannensu zai cutu in maganarsa ta fita. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bahaushe bai jira Turawa sun koya masa wannan ba. Ya gina zaure don baƙo ya tsaya a nan, ya rubuta "ba shiga" a ƙofar gida, ya sa rufin asiri cikin addu'arsa ta kullum. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 a Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma ya faɗa a sashe na 37 cewa sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta tarho abin karewa ne.

Sannan abin da ba laifi ba ne yau yana iya zama makami gobe. Gwamnati na canzawa, rumbun bayanai kuwa yana nan. Wanda ke tafi ana bibiyar 'yan adawa bana, baɗi jam'iyyarsa ce a adawa.

Wane irin bayani ake tarawa a kaina?

Mutane sun fi tsoron a ji abin da suke faɗa. Amma abin da ya fi saurin tona mutum shi ne bayanan da ke kewaye da maganar: wa ka kira, da ƙarfe nawa, minti nawa kuka yi, wane turken sadarwa wayarka ta kama a lokacin, wace waya ce aka sa layin a ciki. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI, saboda haka sauya layi a waya ɗaya ba ya ɓatar da sawu. Wanda ya samu irin wannan bayani na wata uku zai san inda kake kwana, masallacin da kake salla, asibitin da ka je, da wanda kake kira ƙarfe ɗaya na dare, ba tare da ya ji kalma ko ɗaya ba.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin waɗannan bayanai tsawon shekara 2, da miƙa su ga jami'an tsaro in sun nema. A kan wannan a ƙara hotonka da zanen yatsunka a hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, da shige da ficen kuɗinka ƙarƙashin BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, da abin da Facebook da TikTok da Google suka sani game da abin da kake kallo.

Doka ta ba gwamnati damar sauraron kiran wayata?

Ta ba ta, amma da sharaɗi. Sashe na 45 na tsarin mulki ya yarda a taƙaita 'yancin sirri saboda tsaron ƙasa da zaman lafiya. A 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin tare saƙonni bisa doka, waɗanda suka ce sai an samo takardar izini daga alƙali. Nan dai babu laifi. Matsalar tana cikin ƙofar da aka bari a buɗe: in jami'an tsaro suka ce akwai gaggawa, kamar barazana ga rai ko tsaron ƙasa, suna iya fara sauraro tukuna, su nemi izinin cikin awa 48. Su ne kuma ke yanke hukuncin cewa akwai gaggawar. Rahoton shekara na yawan mutanen da aka saurara yana zuwa teburin Babban Lauyan Tarayya ne, wanda shi ma ɗan majalisar ministoci ne. Jama'a ba sa gani.

A ganina nan ne gaɓar duka zancen. Ba mai hankalin da zai ce kada a bi sawun mai garkuwa da mutane. Abin tambaya shi ne wa ya ba da izini, a kan wa, na tsawon wane lokaci, kuma wa ke duba mai dubawar.

Suna da kayan aikin yin hakan kuwa, ko cika baki ne?

Suna da su, kuma an kashe kuɗi sosai. A 2013 jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan abin da ke gudana a intanet. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta lissafa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles. Waɗannan na'urori suna cin gajiyar wani rauni ne a tsohon tsarin da kamfanonin waya na duniya ke musayar kira da shi, mai suna SS7, su gano inda waya take, su tare kira da saƙon tes, ba tare da sun taɓa wayar ba. A Yulin 2021 kuma aka ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 a ƙaramin kasafin kuɗi, don bibiyar WhatsApp da wayoyin tauraron ɗan adam na Thuraya.

Yadda ake amfani da su ma an gani. A 2020 kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya bayyana yadda 'yan sanda suka riƙa samo bayanan kiran 'yan jarida, su kama wani abokinsu ko abokin aikinsu, su sa shi ya kira su don a yi musu tarko. A Janairun 2019 sojoji sun dira ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani labarin yaƙi da Boko Haram, suka kwashe kwamfutoci. Lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020 ba a ma buƙaci sauraron kowa ba: Babban Banki ya samo umarnin kotu ya daskarar da asusun mutane da kamfani guda 20 da ake dangantawa da zanga-zangar.

Ai an ce haɗa NIN da layin waya don tsaro ne. Ba gaskiya ba ne?

Hujjar da aka kawo ke nan a Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa. Mutane suka yi ta dogon layi a ofisoshin rajista a tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waje, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumbar 2024.

Manufar ba wauta ba ce. In kowane layi na da mai shi, ya kamata gano mai kiran neman kuɗin fansa ya yi sauƙi. Sai dai mutanen Zamfara da Katsina da Birnin Gwari sun san cewa kiran bai daina shigowa ba. Ɗan bindiga yana amfani da wayar wanda ya sace, ko layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma sanin inda mutum yake a daji daban, zuwa a kamo shi daban. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, Pantami da kansa ya fito ya ce matsalar ba daga manufar take ba, daga rashin amfani da bayanan ne a ɓangaren jami'an tsaro. To ga inda aka tsaya: mai bin doka ya ba da komai nasa, ana iya gano shi cikin sa'o'i in ya soki mai mulki, mai ɗauke da bindiga kuwa har bidiyo yake sakawa a TikTok.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2010 aka ba kamfanin ZTE na Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarorin tsaro a Abuja da Legas da hanyar sadarwar 'yan sanda, mafi yawan kuɗin bashi ne daga Sin. Kyamarorin ba su yi aikin kirki ba, bashin ya rage a wuyan ƙasa.

Bayanan da na bayar wajen rajistar NIN suna tsare?

A Maris ɗin 2024 masu binciken jarida na FIJ suka gano wani shafi mai suna XpressVerify yana sayar da bayanan NIN ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi. Bayan wata uku ƙungiyar Paradigm Initiative ta gano wani shafin, AnyVerify, yana sayarwa kan naira 100. Don su nuna girman abin, sai suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar kare bayanai, Vincent Olatunji. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko da an yarda da hakan, bayanan dai sun fita, kuma alamu sun nuna ta hannun waɗanda aka ba lasisin tantancewa ne. Lambar sirri in ta fita sai a sauya ta. Zanen yatsa da ranar haihuwa ba sa sauyuwa.

Saboda haka daina raba kwafin takardar NIN kamar goron ɗaurin aure. Duk wanda ya zo gari yana karɓar NIN da BVN da sunan tallafi, a tambaye shi daga wace hukuma yake, a kuma tabbatar. An ga inda aka sayi NIN ɗin talakawa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, aka buɗe asusu da layuka da sunansu. Ranar da aka aikata laifi da layin, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa.

WhatsApp fa? An ce ba mai iya karantawa.

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, ta yadda kamfanin sadarwa da wanda ya tare su a hanya ba za su iya buɗewa ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa kiran WhatsApp ko Signal ya fi kiran layi da saƙon tes tsaro nesa ba kusa ba. Hirar Telegram ta yau da kullum kuwa ba ta da irin wannan kulli sai ka zaɓi hirar sirri da kanka.

Amma kullin yana kare saƙo ne a hanya kawai. Meta, mai kamfanin WhatsApp, ta san wa kake magana da shi da lokacin. Kwafin hirar da ake ajiyewa a Google ko iCloud ba ya kulle sai ka kunna kullinsa a saiti. In kuma aka shiga wayar kanta, zance ya ƙare. Abin da manhajar Pegasus ta kamfanin NSO ke yi ke nan; a 2019 WhatsApp ya maka kamfanin a kotun Amurka kan kutsen wayoyin mutane kimanin 1,400. Pegasus tana da tsada, ba a ɓarnatar da ita kan kowa. Ga yawancinmu haɗarin ya fi kusa: ɗan guruf ɗin da zai ɗauki hoton hirar ya tura, ko ɗan damfarar da zai kira ya ce a karanto masa lambobi 6 da aka turo don wai a sa ka a taron ƙungiya.

Ɗan sanda ya tsayar da ni ya ce in buɗe masa waya. Dole ne?

Rundunar 'yan sanda da kanta ta sha nanata cewa jami'anta ba su da hurumin binciken wayar mutane a kan hanya, kuma Sufeto Janar Mohammed Adamu ya haramta hakan a Oktobar 2020. Kana da damar ka ƙi cikin ladabi, ka tambaya ko akwai takardar kotu. Amma a duba wuri da lokaci. Kada a yi jayayya da mai bindiga cikin dare a hanyar da ba kowa. A riƙe suna da lambar mota da wurin, a kai ƙara sashen karɓar koke na rundunar ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Za a iya kama ni kan abin da na rubuta a Facebook ko X?

Ana kamawa. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta tura saƙon da zai "ɓata rai" ko "tsangwama", da hukuncin ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, kalmomin da kowane mai mulki zai iya miƙe ƙafa a cikinsu. A Nuwambar 2022 aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan wani ɗan rubutu da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma a Fabrairun 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka ƙirƙira don tada fitina ko barazana ga rai. Duk da gyaran, a Mayun shekarar aka tsare ɗan jaridar FIJ Daniel Ojukwu kwanaki da sunan wannan doka.

Ba ana cewa ƙazafi da cin mutunci halal ba ne. Wanda aka ɓata wa suna yana da kotu. Tura jami'an tsaro su ɗauke mutum daga ɗakinsa saboda ya soki gwamna wani abu ne daban.

Manhajar bashi ta tura wa 'yan uwana saƙo tana kirana ɓarawo. Ina da mafita?

Kana da ita. Bashi dole ne a biya, amma kwashe lambobin wayarka da tozarta ka a gaban surukai saɓa doka ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan, kuma daga 2023 Google ta hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan masu waya. Ajiye hotunan saƙonnin, ka kai ƙara hukumar kare masu sayayya ta FCCPC da hukumar kare bayanai ta NDPC.

Me Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ni?

Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu a Yunin 2023, ita ce ta kafa NDPC. Ta ba ka damar tambayar banki ko asibiti ko makaranta wane bayani suke riƙe da shi a kanka, ka nemi a gyara kuskure, ka janye amincewar da ka bayar, ka nemi a goge abin da ba su da hujjar ajiyewa. In aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, dole su sanar da hukumar cikin awa 72. An fara cin tara: bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024. A shekarar ce kuma FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Raunin dokar shi ne ta sassauta wa hukumomi da yawa daga cikin sharuɗɗanta in suka ce aikin tsaro ne ko binciken laifi. Wato ta fi cizon kamfani fiye da gwamnati, alhali gwamnati ce ke da ofishin tsare mutane.

Katse sabis ma yana cikin wannan zancen?

Ƙwarai, domin hannun da ke iya sauraro shi ke iya kashewa. A Satumbar 2021 NCC ta umarci a rufe sadarwa a Zamfara, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. An ce mako 2, wasu wurare suka kwashe watanni. Masu POS suka tsaya, mutane suka riƙa tafiya wata jiha don su kira 'yan uwa, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar neman ɗauki. A shekarar ce aka dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka.

A Nijar da sauran maƙwabta fa?

A Mayun 2020 majalisar Nijar ta amince da dokar tare saƙonnin sadarwa, wadda ta sa izinin a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet ɗin waya kusan kwana 10. A 2022 gwamnatin Mohamed Bazoum ta cire ɗauri kan ɓata suna ta intanet, a Yunin 2024 gwamnatin soja ta dawo da shi. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. Kamaru ta katse intanet a yankunan masu Turancin Ingilishi wata 3 a 2017. A Ghana kuwa, a 2020 kotu ta ɗaure wasu tsofaffin manyan jami'ai kan badaƙalar kuɗin sayen na'urar leƙen asiri ta NSO.

Miji ya duba wayar matarsa, ko mata ta mijinta, shi ma leƙen asiri ne?

Ga mutane da yawa, musamman mata, mai leƙen ba ya Abuja, yana cikin gida. Akwai manhajojin da ake ɗora wa waya a ɓoye su riƙa tura saƙonni da wurin da mutum yake, akwai kuma haɗa WhatsApp ɗin wani da wata na'ura bai sani ba. Ayar da ta hana bin diddigi ba ta ware ma'aurata ba, kuma shiga na'urar wani ba tare da izininsa ba yana iya zama laifi a Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Yara ƙanana zancensu daban: iyaye su sa ido, amma yaron ya san ana sawa. A duba jerin na'urorin da aka haɗa a saitin WhatsApp lokaci-lokaci, a cire wadda ba a gane ba.

Hoton da bai kamata ya fita ba, ya fi kyau kada a ɗauke shi. Yawancin waɗanda suka watsu sun fita ne ta hannun tsohon saurayi, ko wajen gyaran waya, ko wayar da aka sayar ba a goge ba.

VPN zai ɓoye ni?

Yana ɓoye wa kamfanin sadarwa shafukan da kake shiga, yana kuma buɗe waɗanda aka toshe. Ba ya ɓoye ka ga shafin da ka shiga da sunanka, ba ya taɓa kiran layi. Na kyauta da yawa su ma bayananka suke sayarwa.

To me zan yi yau ɗin nan?

Sa wa waya lambar sirri mai tsawo, ba shekarar haihuwa ba. Sa wa layin kansa PIN, domin ɓarawon waya layin yake nema ya shiga asusunka na banki. Kunna tantancewa mai mataki biyu a WhatsApp da imel da Facebook, kada kuma ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka, ko da muryar ɗan uwanka ce. Shiga saiti ka duba izinin da ka ba manhajoji; tocila ba ta da abin yi da lambobin abokanka. In waya ta nemi sabuntawa, sabunta ta, ko da data za ta ci, domin ramukan da masu kutse ke bi ake toshewa. Kafin ka miƙa waya ga mai gyara ko mai caji ko mai tura finafinai, cire layi da memori, in da hali ka tsaya a yi aikin a gabanka. Saƙonnin talla da suka dame ka, tura STOP zuwa 2442. Ƙorafi kan kamfanin sadarwa kuma, kira NCC a 622.

Duk wannan zai kare ka daga ɗan damfara da mai sa ido na unguwa. Ba zai hana hukuma karɓar bayanan kiranka daga kamfanin waya ba, domin ba a wayarka suke ba. Wannan sai gyaran doka: a wajabta izinin alƙali kafin kowace bibiya, a riƙa wallafa adadin mutanen da aka saurara duk shekara, a ba kwamitin majalisa ikon bincikar hukumomin, a kuma hukunta jami'in da ya sayar da bayanai ko ya bibiyi wani don biyan buƙatar ubangidansa. Ƙungiyoyi irin su Paradigm Initiative da SERAP da CITAD ta Kano suna bin waɗannan batutuwa, wasu har gaban kotu, kuma ɗan majalisar mazaɓarka yana da ƙuri'a a kan duk gyaran da za a kawo.